Mai Zaɓen Manhajar Sito a Ƙasar Riɗi

Duk wanda ya san ƙasar Gadarif ta Sudan ya san laka ce ke da iko a cikinta. Baƙar ƙasa ce mai darewa da rani har hannun mutum ya shige cikin tsagarta, da damina kuwa, daga Yuni zuwa Oktoba, sai ta riƙe tayar babbar mota kwana da kwanaki. Cikin wannan ƙasa Ƙala'at an-Nahal take, kudu maso yamma da birnin Gadarif, a gindin duwatsu, a kan tsohon layin dogon da ya taso daga Kasala ya iso Gadarif a 1928, ya zarce Sannar a 1929. Kwaltar da ta haɗa Wad Madani da Gadarif ta bi ta arewa, ta bar garin a gefe. Dawa da riɗi da ƙaro ne ke fita daga yankin. Magani da sukari da kayan gyaran tarakta da saƙon dangi ne ke shiga. Hausawan da kakanninsu suka baro Kano da Sakkwato da Katsina da niyyar sauke farali, suka yada zango a wannan jiha har zango ya zama gida, suna cikin masu noma wannan kaya da masu dakonsa da masu zaman jiran isowarsa.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, nauyin da ke kan wannan hanya ya ninka. Kayan da a da sai sun shiga babban birni kafin a rarraba su, sai suka koma gangarowa daga Bur Sudan ta Kasala, tafiyar sama da kilomita 700, su sauka a Gadarif. Da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF, ɗaya daga ɓangarorin yaƙin, a Disambar wannan shekara, aka wawashe rumbun Hukumar Abinci ta Duniya da ke can mai ɗauke da fiye da tan 2,500 na abinci, Gadarif ta shafe sama da shekara tana zaman babban sito na ƙarshe kafin bakin daga.

A irin wannan wuri ne ake ganin darajar wata gwaninta da ba a cika yi mata kirari ba: ta mutumin da kamfanin aika saƙo ko na sufuri ke ɗora wa alhakin zaɓen manhajar da za ta riƙe lissafin sito. Ba shi ya rubuta manhajar ba, sau tari ma bai iya rubuta layi guda ba. Yawanci tsohon magatakardan sito ne da ya yi shekaru yana ƙirga buhu a bayan mota, ya san warin hatsin da ruwa ya taɓa, ya san fuskar direban da kayansa ba su cika ba. Ayarin fataken goro na da yana da madugu da jagaba da uban dawaki, yana kuma da malamin ayari mai riƙe rubutu. Wannan mutum magajin malamin ayari ne, sai dai shi alƙalami aka ce ya zaɓo, alƙalamin da mutum hamsin za su yi rubutu da shi a garuruwa goma a lokaci guda.

Sai an gane dalilin kafa matattara kafin a gane nauyin da ke kansa. A ce kamfani yana da rassa a garuruwa 10. In kowane gari zai tura mota kai tsaye zuwa kowane gari, hanyoyi 45 ake bukata, kuma yawancin motocin da rabin lodi za su tashi. In kuwa aka mai da gari ɗaya matattara, kowa ya kawo kayansa can aka ware aka sake lodi, hanyoyi 9 sun wadatar. Da wannan dabara Fred Smith ya fara FedEx a birnin Memphis na Amurka, daren 17 ga Afrilun 1973, da ƙananan jirage 14 da ƙunshi 186 zuwa birane 25. Sai dai kowane allazi da nasa amanu: duk ƙunshin da ya bi ta matattara sai an sauke shi, an ware, an sake ɗorawa, kuma a wurin sauya hannu kaya ke ɓata. Shi ya sa kamfanin ya kafa tsarin kwamfuta na bin sawun kaya a 1979, ya kuma damƙa wa direbobinsa na'urar karanta lamba ta hannu a 1986. Manhajar sito, in aka tuɓe mata ado, tambaya ɗaya take amsawa: a hannun wa kayan nan suke yanzu, kuma wa ya miƙa masa?

Saboda haka gwani ba ya farawa da kiran masu sayar da manhaja. Da bin kaya yake farawa. Zai ɗauki kwali guda, a ce fanfon man tarakta ne da wani manomi a Ƙala'at an-Nahal ya aika a sayo masa daga Bur Sudan ana saura mako biyu shuka, ya bi sawunsa da takarda a hannu. Mai kanta ya karɓa ya auna. Ɗan dako ya shigar da shi ciki. An zuba shi a babban buhu tare da wasu saƙonni talatin masu zuwa Gadarif, an ɗaure, an sa hatimi. Direban tirela ya sa hannu, ba a kan kwalin ba, a kan buhun. A hanya an tsaya a shingen bincike, an kwance an duba. A Gadarif an sauke da tsakar dare, an fasa buhun, an ware na Doka, na Hawata, na Faw, na Ƙala'at an-Nahal. Da safe ƙaramar a-kori-kura ta ɗauka. In an kwana ana ruwa, sai tarakta mai jan akwati, ko kuma babu mai ɗauka sai ƙasa ta tsane. A garin, mai shagon da ke wakiltar kamfani ya tura shi ƙarƙashin tebur. Daga ƙarshe ba manomin ne ya zo ba, ɗansa ne ya zo da amalanken jaki. A kowane hannu daga cikin waɗannan gwani zai tsaya ya yi tambaya. Akwai wuta a nan? Akwai sabis? Wanda zai danna wayar ya iya karatu, kuma da wane harshe? Hannayensa a sake suke ko yana rungume da kaya? Minti nawa yake da shi kafin direba ya fara matsa hon? Takardar da ya dawo da ita, ita ce jarrabawar da kowace manhaja za ta zauna.

Daga nan sai ya raba abin da mutane da yawa ke cakuɗawa. Sito iri biyu ne, ko da rufinsu ɗaya. Akwai na ratse, inda kaya ke shigowa da dare su fita da safe. A nan kowane ƙunshi da sunan mai shi, ba a musanya shi da wani, kuma in ya kwana biyu an yi laifi. Akwai na ajiya, inda ɗan kasuwa zai jibge buhu 600 na riɗi a Nuwamba yana jiran farashi ya tashi, ko wata ƙungiya ta ajiye magani; a nan abin da ake son sani shi ne nawa ne, a wane layi, na wane zubi, yaushe aka yi masa maganin ƙwari, wanne ne wa'adinsa ya matso a fara fitar da shi. Manhajojin kasuwanci irin su Odoo ta ƙasar Beljiyam da ERPNext ta Indiya, da dukansu suna da fuskar Larabci, sun iya na biyun ƙwarai, domin a kan hajar da kamfani ya saya zai sayar aka gina su. Amma mai aika saƙo ba shi da ko buhu ɗaya nasa, amana yake ɗauka. Yana bukatar manhajar da ta san ƙunshi a cikin buhu, buhu a cikin mota, yadda in an karanta lambar hatimi sau ɗaya saƙonni talatin za su tashi tare. Wadda ba ta san haka ba sai an yi mata ƙarin gini mai cin kuɗi. A ɗaya gefen kuma, manhajojin da aka yi domin masu kai kaya gida-gida a kan babur suna da taswira mai ɗaukar ido, ana ganin ɗigon direba yana tafiya, amma ka tambaye su abin da ya shiga sito tun shekaranjiya bai fita ba, sai su yi tsit. Mai sayarwa ba lalle ya faɗa maka wannan ba, kuma ba don mugunta ba; bai taɓa kwana a sito ba ne.

Ranar gwaji ce ranar da ya kamata mutum ya je ya sha kallo. Mai sayarwa zai zo da kwamfutarsa, ya nemi a zauna a ofis ya nuna. Gwani zai ce masa, "Injiniya, ai ba nan ake aikin ba, mu je bakin ƙofa." A can zai miƙa wa yaron sito waya, ba tasa mai tsada ba, tsohuwar Android mai tsagaggen gilashi, ya ce, "Ɗana, ga mota nan, sauke min ita." Sannan ya karɓi wayar ya kashe data da hannunsa ya mayar.

"Alhaji, ai sai da sabis take aiki."

"To, Injiniya, ranar da babu fa? Mu ce wa direba ya kwana?"

Da yawa a nan suke faɗuwa, a yi sallama cikin mutunci. Wadda ta ci gaba da karɓa tana tarawa a cikin wayar, sai a shiga da ita gaba. Zai sa a karanta kwali ɗaya sau biyu, ya ga ko za ta ƙirga biyu. Zai ɓoye ɗaya daga cikin talatin ɗin nan a bayan ƙofa, ya ga ko za ta yarda a rufe lissafin motar ba tare da ta ce uffan ba. Zai cusa na Doka a motar Hawata, ya ji ko za ta yi ƙara tun mota ba ta tashi ba. Zai yage gefen takardar lamba. Zai kashe wayar ana tsaka da aiki, ya kunna, ya duba abin da ya saura. Duk tsawon wannan lokaci idonsa ba a kan fuskar wayar yake ba, a kan babban yatsan yaron yake: sau nawa yake dannawa kafin kwali ɗaya ya wuce? In sau biyar ne, a motar da ke ɗauke da kwali 400 dannawa 2,000 ke nan, kuma ya sani sarai a dare na uku yaran za su ajiye wayar su koma rubutu a bayan kwali. Ba a cinikin biri a sama.

Kashe datar nan ba neman rigima ba ne. A farkon Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a faɗin Sudan. Wasu wurare sun dawo bayan kwanaki, wasu sai bayan watanni, har mutane suka koma biyan kuɗin awa a wurin masu intanet ɗin Starlink. Ko ba yaƙi ma, motar da ta sauka daga kwalta ta shiga gonaki ba ta da tabbacin sabis. Mutanen Kano sun daɗe da sanin wannan. Ƙungiyar eHealth Africa da ke can ta gina manhajar LoMIS domin kai allurar rigakafi daga ɗakunan sanyi zuwa ƙananan asibitocin karkara, kuma tun daga tushe an yi ta ne ta yi aiki babu intanet, ta tura bayani in an komo inda sabis yake.

Amma abin da ke raba gwani da wanda ya ji labari shi ne ya san tara bayani a waya rabin aikin ne, rabin mai wuya yana wurin haɗuwa. Ga yadda abin ke faruwa. Wayar Gadarif ta rubuta cewa kwalin fanfo ya tashi ƙarfe bakwai na safe, amma ba ta da sabis, bayanin yana cikinta. Da la'asar mai shago a Ƙala'at an-Nahal ya karɓi kwalin, shi kuwa ya yi sa'ar sabis, nasa bayanin ya riga isa. Da magariba wayar Gadarif ta farfaɗo ta tura nata. Manhajar da aka gina da ganganci za ta ɗauki na ƙarshen isowa a matsayin gaskiya, ta goge "ya iso" ta rubuta "yana hanya". Manomi ya kira ofis a ce masa ya ƙara haƙuri, alhali kayansa na ƙarƙashin tebur, ƙasa kuma na bushewa bai yi huɗa ba. Manhajar kirki ba ta goge komai. Kowane karatu layi ne mai zaman kansa da lokacinsa da sunan wanda ya yi, ta jera su bisa yadda suka faru. Sai gwani ya ƙara tambaya ɗaya da kan sa Injiniya ya gyara zama: in agogon wayar yaron ya kuskure da awa shida fa? Haka kuma batun lamba. Rassa biyu da ba sa jin juna suna iya ba kwali biyu lamba ɗaya. Magani mafi sauƙi shi ne a buga takardun lamba tun da wuri, a ba kowane reshe nasa naɗin, don haka yake neman manhajar da ke karɓar lambar da aka riga aka buga, ba wadda sai ita za ta haifa ba.

Takardar lambar kanta ba ya raina ta. Ƙananan firintocin da ke ƙona rubutu a kan takarda ba tare da tawada ba suna da araha, amma rana da zafi ne maganin rubutunsu, kuma a Gadarif zafin Afrilu da Mayu na haura digiri 40. Kwalin da ya wuni a saman mota yana iya isowa lambarsa ta dushe. Mai amfani da zaren tawada ta fi tsada, rubutunta ya fi ƙarko. Takarda mai danƙo ba ta zama a jikin buhu, ballantana mai ƙura. Sai dai kati mai huji a ɗinke shi a bakin buhun. Yana fifita lamba mai murabba'i, wato QR, wadda kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro a 1994, domin in an buga ta da matakin kariya mafi ƙarfi tana karantuwa ko da kusan kashi 30 cikin ɗari nata ya lalace, kuma kyamarar kowace waya na ganinta. Duk da haka sai ya dage a rubuta lambar da manyan alƙaluma a ƙasa, gajeriya yadda tsohuwa za ta iya karanta wa ɗanta ita a waya.

Sai ma'auni da suna da adireshi. A kasuwar amfanin gona ta Gadarif da kintar ake cinikin riɗi, kimanin kilo 45, dawa kuwa da ardab, wato buhu biyu. Manhajar da kilo kaɗai ta sani za ta sa magatakarda lissafi a ka sau ɗari a yini, a nan kuskure ke shiga. Katifa da robobin ruwa ba su da nauyi amma suna cinye mota, don haka manyan kamfanoni ke ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da 5,000 su sami nauyin da za a biya. Dole manhaja ta iya wannan, ta kuma bar kamfani ya sauya adadin. Sunan mutum a takardun Sudan huɗu ne, nasa da na uba da na kaka da na uban kaka, kuma ana bukatarsu, don masu suna ɗaya a ƙauye guda ba sa ƙirguwa. Akwatin da ke tilasta lambar gida da sunan titi ba shi da amfani a Um Sagata ko Salmin, ƙauyukan yankin da aka zaunar da 'yan gudun hijirar Eritiriya tun 1969; abin da ake so fili ne na rubuta "bayan masallacin Juma'a, a tambayi mai injin niƙa", da gurbin lambar waya biyu. Kuma a ƙasar da miliyoyi suka bar gidajensu, wanda aka aika wa kaya Litinin yana iya komawa wani gari kafin Alhamis, saboda haka juya akalar saƙo yana hanya aikin yau da kullum ne, ba abin da sai an kira babban ofis ba. Wanda zai karɓa a madadin mai kaya kuwa, kamar yaron nan mai amalanke, lambar sirri ce shaidarsa, wadda aka buga a rasit ɗin mai aikawa ya faɗa masa da baki.

Kuɗi ba ya jan dogon bayani. Wani da tsaba zai biya, wani ta Bankak, manhajar Bankin Khartum da ta zama aljihun jama'a, musamman bayan canjin takardun kuɗi na Disambar 2024. Abin da gwani ke nema shi ne kowane dare a iya cewa direba wane ya karɓo kaza, ya kashe kaza a mai da dako, ya kawo kaza, kuma lambar ciniki ake shigarwa, ba hoton rasit ba.

Inda na fi ganin girman wannan mutum shi ne a kan maganar kaya in ba su cika ba. Riɗin da aka auna da ɗanyantaka yana bushewa ya rage nauyi. Buhu na yoyo. Dillali na soka ƙarfe ya ɗebi samfur. Ba kowace raguwa ce sata ba, amma kwamfuta ba ta san haka ba sai an gaya mata, kuma da zarar allo ya nuna giɓi, ido kan mafi rauni yake sauka: ɗan dako, yaron mota, mai gadi, mutanen da ba su da wanda zai tsaya musu. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya dubi abin da ya faru a Birtaniya. Gidan waya na ƙasar ya kawo manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a 1999. Tana nuna giɓin kuɗin da babu shi, hukuma kuma ta gaskata na'ura ta ƙaryata mutane. Tsakanin 1999 da 2015 an hukunta sama da mutum 900 masu riƙe da ƙananan rassa, wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun sayar da gidajensu sun biya abin da ba su ci ba. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar manhajar na da kurakurai, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar wanke su. In haka ta faru a ƙasar da ke da lauyoyi da jaridu, me zai sami lebura a bakin sito?

Don haka gwani ke tsananta tambaya a nan fiye da ko'ina. Wa ke da ikon gyara abin da aka riga aka shigar? In ya gyara, na farkon yana nan ana gani, da sunan mai gyaran da lokacin? Kamfanin da ya sayar da manhajar yana iya shiga ta baya ya taɓa lissafi ba a sani ba? A lokacin miƙa kaya, mai karɓa na da damar cewa buhun nan a yage na same shi, ya ɗauki hoto, kafin nauyin ya hau kansa? Kowane ma'aikaci da tasa lambar shiga, ko kuwa tsadar lasisi za ta sa mutum shida su riƙa shiga da suna ɗaya, ranar da aka yi ɓata a kama mai sunan? Ba zai karɓi manhajar da hannu ɗaya ke sa wa hannu ba. Mai bayarwa da mai karɓa dukansu sai sun shaida. Wannan tsari yana kama ɓarawo, gaskiya ne, amma amfaninsa mafi girma shi ne yana wanke mai gaskiya, kuma ma'aikatan da suka gane na'urar garkuwarsu ce ba sa bukatar a tsaya a kansu kafin su yi amfani da ita.

Akwai kuma tambayar inda bayanan ke kwana. A ranar 27 ga Yunin 2017 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna NotPetya ta durƙusar da Maersk, babban kamfanin jiragen dakon kaya, har sai da ya sake ɗora manhaja a kwamfutoci 45,000. Ta kuma jawo wa TNT Express, reshen FedEx, asarar ɗaruruwan miliyoyin dala. Abin da ya ceci Maersk kwafi ɗaya ne na kundin shiga tsarinsa da ya tsira a wani ofishinsa na Yammacin Afirka, saboda an ɗauke wuta a can lokacin da cutar ke yaɗuwa. Wanda ya ga yadda ofisoshi a Khartum suka zama wurin da ba ya shiguwa cikin yini guda ba ya bukatar a ja masa kunne. Kwamfutar da ke cikin sito tana aiki ba intanet amma ana iya ɗauke ta a ka. Wadda ke wata ƙasa ba ta sacewa amma ana iya rufe maka ƙofarta, kuma 'yan Sudan sun ɗanɗana wannan a shekarun takunkumin Amurka, daga 1997 zuwa Oktoban 2017. Gwani duka biyun yake so, da kwafi na uku a aljihu. Kafin a yi maganar farashi zai ce, "Injiniya, fitar min da duk abin da muka shigar yau a Excel, yanzu ina tsaye." Wanda ya ce sai ya rubuta wa ofishinsu, ya riga ya ba da amsa. Kuma kowace mota ba ta tashi sai da takardar lodi bugaggiya a hannun direba.

Manyan masu aikin agaji da ke ajiye kaya a Gadarif suna da nasu tsarin: Hukumar Abinci ta Duniya na bin hatsinta da LESS, wadda aka gina a kan manhajar SAP, haɗakar sufurin kayan agaji da take jagoranta kuma na bin kayan ƙungiyoyi da RITA. Gwani na koyon ɗabi'unsu, kowane lodi da lambarsa, kowace miƙawa da shaidarta, ba ya kwaɗayin girmansu. Yana duba ko kuɗin manhaja da dala ne alhali shi fam yake karɓa. Yana fifita biya bisa yawan ƙunshi a kan biya bisa yawan ma'aikata, domin da kaka ana ɗaukar hannaye da yawa, da damina aiki ya kwanta. Yana tambayar wa zai ɗaga waya ranar Lahadi, ranar da Sudan ke fara mako, ofisoshin Turai na rufe. Wani lokaci ma, in kamfani mota biyu gare shi da reshe uku, sai ya dubi mai gidansa ya ce, "Alhaji, ba yanzu ba. A buga mana takardun lamba da littafi mai kwafi uku, mu saba da wannan tukuna." Faɗin haka na bukatar ƙarfin hali, domin mai kuɗi ya riga ya ga taswira mai motsi ransa ya biya.

Wadda ta tsallake duk wannan ba a baza ta ko'ina rana ɗaya. A layi mafi wuya yake fara gwada ta, Gadarif zuwa Ƙala'at an-Nahal, daga ƙarshen damina lokacin da hanya ke hana mota, zuwa yankan riɗi a Oktoba da Nuwamba lokacin da kaya ke cika sito har bakin ƙofa. Littafi na tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita, kowace Alhamis a ɗora su a gwada, duk inda suka saɓa a bi a gano wanda ya yi kuskure, mutum ko na'ura. Bayan nan sai ya tara yaran sito da direbobi da mai shagon garin, ba a gaban mai kamfani ba, ya ji ta bakinsu. In sun yarda, kwangilar shekara guda yake sa wa hannu, da sharaɗin cewa bayanan na kamfani ne kuma za a miƙa su duk ranar da aka nema. Sannan a ƙara layin Hawata, bayan wata guda na Doka.